Shagon da ya ɗora min Windows a MacBook, nan Gusau

MacBook Air ce ta 2017, ta hannu, yayana ya sawo min daga Kano, ina ta yanga da ita a ofis har ranar da oga ya ce kowa ya riƙa shigar da rahoton wata da kanshi a fotal ɗinmu. Na buɗe da Safari shafi ya fito fari fat, Chrome ma haka, maɓallin turawa ko motsi ba ya yi. Sati biyu ina aron kwamfutar sakatariya kamar almajiri.

Wani abokin aiki ya kwatanta min wani ɗan shago wajen Tudun Wada, yaro ne matashi da ƙanenshi. Abin da ya burge ni bai karɓi ko sisi ba sai da ya duba kwakwalwar na'urar, ya ce Yallaɓai ka yi sa'a taka Intel ce, da irin M1 ce da sunka fara fitowa 2020 to babu Boot Camp a cikinsu, wato manhajar Apple da ake ɗora Windows a Mac da ita, sai dai wata dabara. Shi ya fahimtar da ni fotal ɗin tsohon gini ne, da ActiveX yake aiki, wata tsohuwar fasahar burauzar Internet Explorer, shi kuwa sai Windows. Wai ita kanta Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya tun 15 ga Yuni 2022, saura ɗan yanayinta da ke cikin burauzar Edge, shi ma a Windows kaɗai. Mu kuma ofishinmu na nan ya rungume gawa.

Na so VirtualBox, manhajar da ke buɗe Windows a cikin Mac ɗin kanta, saboda kyauta ce kuma ba sai ka kashe na'ura ba, ya ce da RAM 8GB za ta riƙa jan ƙafa, fanka na kuka. Munka tsaya kan Boot Camp da Windows 10. Nan fa aka yi ta, ajiyata 128GB ce, Apple kuwa na son aƙalla 64GB a sarari kafin a ɗora Windows, sai da hotunan bikin ƙanwata duka sunka koma filashi.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce in dawo bayan La'asar, ban samu ba sai washegari da hantsi, wai an ɗauke wuta kuma babu mai a janareto, ko kira bai yi ba. Sannan bai gaya min Windows 10 ta daina samun sabuntawa tun 14 ga Oktoba 2025 ba, a bakin wani na ji, don haka ban shiga banki ta can.

Amma aiki kam ya yi. In na kunna sai in danne Option in zaɓi Windows, rahoto ya wuce, in sake kunnawa in koma ɓangaren Mac. Batir ne dai ke zuba kamar randa mai huji in ina ɓangaren Windows, kullum caja na cikin jaka. Biyu cikin 'yan ofishinmu na riga na tura mishi.