Tor ko VPN: wanne ya fi rufa maka asiri?

Da yawa daga cikinmu mun san VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter. VPN manhaja ce da ke kulle bayananka ta bi da su ta kwamfutar wani kamfani, sai kamfanin layinka ya daina ganin shafukan da kake shiga. Amma fa wancan kamfanin yana gani. Amana ce ka ɗauke daga hannu ɗaya ka damƙa wa wani, shi ya sa na kyauta ke ba ni tsoro: da me suke biyan kuɗin na'urorinsu?

Tor kuwa, wani tsarin shiga intanet a ɓoye, tashoshi uku yake ratsawa, na 'yan sa-kai. Ta farko ta san daga inda kake, ba ta san inda ka nufa ba. Ta ƙarshe ta san inda ka nufa, ba ta san ka ba. Kyauta ne, sai dai akwai jan ƙafa, bidiyo na ta tsayawa.

Ɗan jarida mai kare majiyarsa, Tor zan ce ya riƙe. Mai amfani da intanet ɗin otal, VPN na kuɗi ya ishe shi. Wanda ya shiga Facebook da sunansa kuwa, Facebook ya gane shi ko ta ina ya biyo.