Kwamitin bincike ko rukuninku na kanku? Amsa ga Malama

Salamu alaikum 'yan uwa. Malama na ga tambayarki, kin ce kin ɗan jima kina koyarwa a kwalejin nas a nan Gombe, ƙarin girma ya matso ana tambayar maƙalolin da mutum ya wallafa ke kuma ko ɗaya ba ki da ita, to shin ki nemi a saka ki cikin kwamitin bincike na makaranta ne ko ki bi abokan aikinki da suke so ku haɗa ɗan rukuni na masu sha'awar lafiyar mata masu ciki. Na ga wasu sun ce miki ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne, na zauna a duka biyun, kowanne da abin da yake iyawa.

Mu fara da yadda ake shiga. Kwamiti naɗi ne, shugaban kwaleji ne zai rubuta takarda ya ce wane ciyaman wance sakatariya, kuma yawanci girma ake dubawa ba wai wanda abin yake damunsa ba. Shi kuwa rukuni ba wanda zai naɗa ki, tambaya ɗaya ce take cin ranku ku biyar ko shida sai ku ce mu zauna. Daga nan komai yake rabuwa, don wanda aka naɗa zai zo mitin saboda an kira, wanda ya kawo kansa kuma zai zo da abin da ya karanto jiya da dare.

Aikin ma daban ne. Abin da kwamiti yake yi shi ne raba wa malamai ɗaliban da za su duba wa furojet, amincewa da taken bincike, shirya ranar da yara za su kare aikinsu, da tara takardun da za a nuna wa masu tantancewa idan NMCN (majalisar kula da aikin jinya da ungozoma) ko NBTE (hukumar kula da ilimin fasaha) sun zo. Aiki ne mai muhimmanci kada kowa ya raina shi, musamman yanzu da makarantunmu suke komawa tsarin ND da HND. Amma kinga duk wannan hidimar ɗalibai ce da ta makaranta, za ki iya shekara biyu kina rubuta minit ba ki rubuta layi ɗaya na maƙalarki ba. A rukuni kuwa ajandar ɗaya ce, aikinku, wa ya karanta me, takardar tambayoyin ta yi ko a gyara, wa zai je asibiti ranar awo ya karɓo bayanai, wa zai rubuta gabatarwa kafin mako mai zuwa.

To amma ta ɓangaren iko, nan kam kwamiti ya fi nesa ba kusa ba. Shi ke da hatimi da takarda mai kan makaranta. Duk binciken da ya shafi mutane sai an samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa kamar na tarayya da ke nan Gombe ko ATBUTH a Bauchi, kuma mujallar kirki ba za ta karɓi aikinku ba sai ta ga lambar wannan izinin. Takardar gabatarwa daga makaranta tana sauƙaƙa hanya sosai, rukuni shi kaɗai ba shi da wannan. Haka zancen kuɗi, idan akwai ɗan abin da aka ware to ta hannun kwamiti zai bi. Sai dai kada ki sa rai da yawa, dokar TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ta 2011 jami'o'i ta ambata da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, ba ta ambaci kwalejojin nas ba, shi yasa malaman jami'a suke samun tallafin da mu muke gani daga nesa, shi yasa kuma nake ba ku shawara ku jawo ko mutum ɗaya daga jami'a cikin rukuninku, wanda ya iya lissafin bayanai zai fi amfani.

Inda nake so in tsaya sosai shi ne zancen suna a kan maƙala, don abin da ya fi raba kan malamai kenan, ba kuɗi ba. A tsarin kwamiti babu wata doka da ta ce a saka sunan ciyaman, amma kunya da ladabinmu sukan sa ƙaramar malama ta yi aiki wata shida ita kaɗai, ƙarshe sunanta ya zo na huɗu, sama da ita mutanen da ba su ma karanta aikin ba. Ba ta iya magana saboda gobe su ne za su sa hannu a takardar ƙarin girmanta. Wannan abu yana min ciwo gaskiya, don na ga yadda yake kashe wa yara masu ƙoƙari gwiwa har su daina. Rukuni ma bai tsira ba fa idan ba a yi magana tun farko ba, sai dai a nan kuna da damar yin maganar tunda kusan sa'o'in juna ne. Ku yi shi kamar adashi, kowa yana zubi a kowane aiki, amma ɗauka bi da bi ne, wannan maƙalar ke ce ta farko kuma ke ce mai nauyin tura ta, ta gaba wani ne. Ku rubuta wannan a takarda ranar farko kowa ya sa hannu. Kuma akwai ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ake kira ICMJE, ya fitar, sharuɗɗa huɗu ne sai mutum ya cika duka: ya taka rawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da na ƙarshe da za a wallafa, sannan ya yarda ya ɗauki alhakin abin da ke ciki. Wanda ya ba ku izini ko ya ara muku mota, wurin godiya ne nasa. Idan babba ya tambaya sai ku nuna masa ƙa'idar cikin ladabi, ba ku kuka ƙi ba, mujalla ce ta gindaya.

Raunin rukuni kuwa kada in ɓoye miki, saurin mutuwa. Kwamiti ko ba ya komai yana nan a takarda, ciyaman ya yi ritaya a naɗa wani. Rukuni kuma mutum ɗaya aka yi wa canjin wurin aiki ko ta tafi hutun haihuwa, ga jarrabawar NMCN ta taho kowa ya koma kan shirya yara wa OSCE, wato jarrabawar gwada aikin jinya a aikace, ga azumi ga damina masu gona sun tafi, shikenan sai a wayi gari wata uku ba a zauna ba. Maganinsa a yanke masa wa'adi. A Jami'ar Miami da ke jihar Ohio a Amurka, wani malami Milton Cox ya fara irin waɗannan rukunonin malamai tun 1979, kuma tsarinsu shekara ɗaya ne da aikin da za a nuna a ƙarshe, mutum 8 zuwa 12. Mu a yanayinmu ni ina ganin biyar zuwa bakwai ya isa, da an haura haka sai masu aiki su zama uku sauran suna jiran suna.

Wata 'yar uwa ta ce ai mu malamai ne ba masu ɗakin gwaji ba, me za mu bincika. Ajinki ma wurin bincike ne. Tun 1990 Ernest Boyer ya kawo hujjar cewa aikin ilimi na malami kashi huɗu ne, gano sabon abu, haɗa abin da aka riga aka gano, amfani da shi a aikace, da nazarin koyarwar kanta, kuma makarantun jinya da yawa a duniya sun karɓi wannan. Ku da kuke son ɓangaren masu ciki ga abu a gabanku, a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jagoran kula da naƙuda wanda zai gaji fatograf, wato takardar da ake cikawa don bin diddigin naƙuda, to ɗalibanku da suke zuwa ɗakin haihuwa wanne suke gani ana cikawa, kuma wanne kuke koya musu a aji? Wannan kaɗai maƙala ce. Sannan zaman farko ku karanta binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 kan zubar jini bayan haihuwa, an yi shi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni da ba da magungunan a tare ya rage munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Ku tambayi kanku yaranmu sun iya auna jinin ko da ido suke ƙiyasi. 'Yan uwa na Bauchi kuna da zazzaɓin Lassa da yadda ɗalibai suke kare kansu a wod, mu kuma ga cizon maciji a Kaltungo.

To Malama ni dai a ganina ki shiga rukunin yanzu, kada ki jira naɗi. Amma kada ku yi shi a ɓoye kamar masu adawa, ku rubuta wa kwamiti 'yar takarda ku ce ga mu ga abin da muke son yi, ku roƙi su saka ku cikin rahotonsu, su ma zai yi musu amfani ranar tantancewa, ku kuma kun samu hatimi. Idan daga baya aka naɗa ki kwamitin ki karɓa, ba sa hana juna.

Kayan aiki ba sai kun kashe kuɗi ba, KoboToolbox na tattara bayanai a waya ko babu netwok, Zotero na jera manazarta, PubMed da AJOL na neman abin karantawa, akwai kuma horon ɗa'ar bincike na TRREE kyauta ne a intanet da satifiket. Dan Allah ku yi hattara da mujallun da za su turo saƙo su ce ku biya a wallafa cikin mako ɗaya, ku fara duba sunan mujalla a DOAJ, jerin mujallun da aka tantance a intanet, ko ku tambayi wanda ya saba kafin ku tura ko sisi. Idan kun tsayar da ranar zaman farko ki sanar da ni, zan turo miki samfurin takardar yarjejeniyar sunaye ku gyara ta yadda ta dace da ku. Allah ya ba da sa'a.