Bayanin haila: gida ko makaranta?

Makaranta tana da ilimin. Malamar Islamiyya tana karantar da babin haila a Ahalari ba kame-kame, malamin kimiyya ya zana mahaifa a allo. Amma yarinyar da ta ga jini a zaninta ba za ta ɗaga hannu a cikin aji ba.

Uwa kuwa ta san ranar da 'yarta ta fara ɓoye wanki. Sai dai kunya takan ɗaure mata baki, balle ga 'yar fari, sai ta tura ta wurin gwaggo. A 2022 Ministan Ilimi na Najeriya na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire darasin jima'i daga manhajar makarantu, yana mai cewa aikin iyaye da malaman addini ne. Ni dai ina ganin uwa ya kamata ta fara, tun kafin jinin ya zo.