Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Legas: ana damfara da sunan sana'ar haɗa kebul ɗin iyafis a gida

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran salula ne, teburina yana Agege, kuma da wuya mako ya wuce ban shiga Computer Village a Ikeja sayen kayan aiki ba. Na rubuta wannan ne saboda an cuci ɗan yayata naira dubu 180, kuma da na bincika sai na tarar da wasu yara uku a unguwarmu da wata matar aure a Idi-Araba sun faɗa rami ɗaya. Ba zan kama sunan kowa ba tunda magana tana gaban hukuma, ga shi kuma mutanen suna sauya suna kamar riga. Salon cutar ne ba ya sauyawa, shi nake so ku gane.

Tallan yana yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, da Hausa tsantsa, har da muryar wani mai lafazin malamai yana ta "in sha Allahu". Wai za a koya maka kitsa kebul ɗin iyafis da hedifon kana zaune a ɗakinka, su ba ka kaya, ka haɗa, su saye kowane ɗaya naira dubu huɗu, domin wai suna da masu saye a Turai. Rajista dubu 15, ƙunshin kayan farawa dubu 45. Sun san wanda suke farauta. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, samarinmu da yawa suna zaune babu takamaiman abin yi. Yaron nan nawa yana cikinsu. Babur ɗinsa ya sayar, ragowar kuɗin ne yake ta lallaɓawa.

Bai faɗa mini ba sai da abu ya lalace. Ya zo da yamma da wata baƙar leda, ya tsuguna gefen tebur ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, ko hannuna ne ba shi da kyau." Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Sun karɓe masa kuɗi, sannan sun bar shi yana zargin kansa.

Da farko sun aiko masa kayan kebul biyar ta hannun wani direba a tashar Oshodi. Ya haɗa, ya mayar, suka karɓi uku suka turo masa dubu 12, suka ce ya sa hoton alat ɗin a zaure don sauran ɗalibai su gani. Bayan kwana biyu aka kira shi aka ce hannunsa ya faɗa, ya cancanci matakin azurfa, inda kowane kebul dubu tara ne, amma ƙunshin dubu 120. Ya biya. Ya kwana goma yana kitsa guda talatin, wani lokaci da fitilar salula idan an ɗauke wuta. Duka talatin aka ce sun faɗi gwaji. Aka ce ya sake sayen wani ƙunshi ya gyara kuskurensa, ko ya kawo mutum biyu su yi rajista a yi masa rangwame.

Da na zazzage ledar a kan tebur, abin da na gani ya tabbatar mini cewa da gangan aka shirya kayan don kada su yi aiki.

Na fara da wayar da suka kira jan ƙarfe zalla, wato kofa a bakin 'yan jari bola. Na fere robar, na kankare sili ɗaya da reza, sai ga ciki fari fat. Alminiyam ne aka yi wa siririn rufi na jan ƙarfe, abin da 'yan kasuwa ke kira CCA. Na kunna laita na kara masa, nan take ya lanƙwashe ya yi toka-toka ya karye. Jan ƙarfe na gaskiya sai dai ya yi ja ya yi baƙi, ko ƙarshensa ya dunƙule, amma ba ya rugurgujewa haka. Ko a hannu ana jin bambanci, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Alminiyam kuma kusan kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. A ɗan kebul mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya wannan ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar tana wajen dalma. Silin wayar iyafis akwai wani siririn fenti a jikinsa wanda ke hana su taɓa juna, kuma kafin dalma ta kama sai ka ƙona fentin da zafin ayan, wato ƙarfen narka dalma. Zafin da zai cire fentin shi zai cinye ɗan rufin jan ƙarfen, ya bar ka da alminiyam tsirara, dalmar da muke aiki da ita kuwa ba ta kama alminiyam. Za ka ga kamar ta zauna, ka ja kaɗan ta zame. Ko ni da na shekara goma sha ɗaya riƙe da ayan ban iya yi mata haɗi mai ƙwari ba.

Wadda suka kira azurfa kuma, ita ma alminiyam ce, wannan karon ko rufin ba su damu su yi mata ba. Ku sani ko azurfar gaske kusan kashi shida cikin ɗari kawai ta fi jan ƙarfe ɗaukar wuta, kuma yawancin kebul da ake sayarwa da sunan azurfa a duniya jan ƙarfe ne aka shafa masa ita. A cikin ledar wani yaron daban na sami wayar da maganaɗisu yake kamawa, wato baƙin ƙarfe ne a ciki. Jan ƙarfe da azurfa duk ba sa bin maganaɗisu.

Sai takardar zanen da suka ba su. Nan ne na tabbatar ba jahilci ba ne, mugunta ce. Bakin iyafis mai milimita 3.5 wanda ke da makirfo kashi huɗu ne. A tsarin da kusan duk salular yanzu ke bi, wanda ake kira CTIA, tsinin kunnen hagu ne, zobe na farko kunnen dama, zobe na biyu shi ne wayar ƙasa da kowa ke komawa ta kanta, na ƙarshe kusa da roba kuma makirfo. Akwai tsohon tsari, OMTP, na tsofaffin Nokia da Sony Ericsson, wanda ya juya na ukun da na huɗun. Zanensu na tsohon tsarin ne. Duk wanda ya bi shi daidai, in ya soka a salular yau zai ji sauti kamar daga cikin rijiya, muryar mai magana ta ɓace, makirfo ya ƙi aiki. Ke nan iya biyayyarka ga darasinsu, iya tabbacin faɗuwarka a gwajinsu. Ukun farko da suka karɓa ma haka suke, ba su damu ba, domin ba kebul suke nema ba.

Ribarsu tana cikin sayar maka da ƙunshin. Na lissafa abin da ke cikin na dubu 120 ɗin bisa farashin da nake sayen irinsu, ayan marar maɓallin rage zafi, ɗan nadin dalma, bakunan jak masu fentin ruwan gwal, robar da ke tsukewa da zafi, da wayar banzan nan, duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Akwai alamun da suka bayyana tun farko. Ba su da shago, kullum sai a tasha ko ƙarƙashin gadar Ikeja za a miƙa kaya. Asusun bankin na mutum ne, ba na kamfani ba, kuma sau uku ana sauya shi cikin wata ɗaya. Lambar rajistar da suka liƙa a talla na duba ta a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda kowa zai iya dubawa kyauta, sai ta fito da sunan wani kasuwanci da ba ruwansa da kayan sauti. A zaurensu masu kula ne kawai ke iya rubutu, duk wanda ya yi ƙorafi a gefe sai a cire shi. Ni kuma tambayar da nake yi ita ce, wa zai biya ka dubu huɗu kan abin da ake saukewa katan-katan daga Sin a Alaba ƙasa da haka nesa?

Sana'ar kanta halal ce kuma ana cin abinci da ita. Masu ɗaukar sauti a situdiyo, masu kula da lasifikar masallatai da wuraren biki, da masu iyafis mai tsada irin wanda kebul ɗinsa ke cirewa, mai bakin MMCX ko mai ƙafa biyu, duk suna neman wanda zai gyara musu maimakon sayen sabo. Mai son koyo ya zauna gun mai gyaran rediyo ko salula a unguwarsa mako biyu, ya sayi mitar gwajin wuta, ya je kasuwa da ƙafarsa da reza da laita da maganaɗisu a aljihu, ya nemi a yanko masa ɗan guntu ya gwada kafin ya biya. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya hana gwaji.

Wanda abin ya riga ya shafa kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuma ya goge komai. Adana hirarrakin, muryoyin, shaidar tura kuɗi da ragowar wayar. Ka fara zuwa bankinka a ranar ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ofishin 'yan sanda mafi kusa. Akwai EFCC a titin Awolowo da ke Ikoyi, akwai FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas masu kare haƙƙin mai saye. Mu biyar muka haɗa takardunmu wuri ɗaya, muka kuma sanar da Sarkin Hausawan unguwa da limamai don a yi shela bayan sallar Juma'a.

Jiya wani ya turo mini sabon tallansu. Sun daina cewa iyafis, yanzu kebul ɗin caja ne mai bakin USB-C, suna da hoto duk sabbi, rajista ta koma dubu 20. Muryar dai ita ce, ɗan yayata ya gane ta tun daga sallama.