Bitar kwas ɗin hafsoshin soja ta intanet

Na kammala kwas na mako takwas a kan aikin kiyaye zaman lafiya, wanda wata cibiya a nan Accra take gudanarwa ta intanet domin ƙananan hafsoshi. An tsara shi bisa ra'ayin masana ilimi irin su Piaget da Vygotsky, cewa ɗalibi shi ke gina iliminsa ta hanyar aiki da muhawara, malami kuwa jagora ne kawai. Saboda haka babu doguwar lacca. An ba rukuninmu labarin kisan kiyashin Ruwanda na 1994, lokacin da sojojin Ghana ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho suka ci gaba da zama a Kigali, babban birnin ƙasar, bayan an janye yawancin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ce mu yanke shawara kamar mu ne a wurin, mu kuma kare ta a gaban abokan karatu. Ga wanda ya saba da karɓar umarni kawai, wannan ya yi nauyi da farko, amma a nan na fi ƙaruwa.

Inda masu shirya kwas ɗin suka gaza shi ne jinkirin duba aiki, har sai da na jira kwana goma. Ranar da aka ɗauke wuta a unguwar Nima da ke nan Accra kuma na rasa tattaunawar kai tsaye, ba su kuwa naɗe ta ba.