Shimfiɗar Ƙyalle da Matashin Kai: Abin da Na Gani Bayan Wata Shida

Bayan ƙaramar salla na zazzage akwatina, na tarar da zannuwan atamfa guda 7 da suka koɗe, da rigunan shadda na maigida waɗanda wuyansu ya cinye, babu ko ɗaya da zan iya bai wa wani ba tare da na ji nauyi ba. Maƙwabciyata ce ta raka ni gidan wata baiwar Allah a cikin birnin Kano, wadda ke karɓar tsofaffin tufafi tana mayar da su kayan amfanin gida, ita da 'yan mata uku da take koya wa sana'ar a tsakar gidanta.

Tun kafin ta sa almakashi sai da ta rarrabe kayan. Ta ware atamfar auduga gefe guda, ta ture wani tsohon leshi da na haɗa da shi, ta ce: "Hajiya, wannan roba ce, ba ya shan ruwa, kada mu ɓata aiki." Wannan magana ita ce ta fara sa na amince da ita, domin da kuɗi kawai take nema da ta karɓa ta yi shiru.

Abin da ya fi burge ni shi ne shimfiɗar tsakar ɗaki. Ana yayyanka zane a tsaye, faɗin kamar yatsu biyu, a kitsa shi uku-uku har ya zama igiya mai kauri, sannan a riƙa naɗe igiyar daga tsakiya ana ɗinke kowane zagaye da wanda ya gabace shi, kamar yadda iyayenmu ke ɗinkin faifai. Inda zannuwana suka gaza, ta cike da ƙyallayen da take samowa wurin teloli, ragowar yadin Kantin Kwari, don haka launin gefen ya fi na tsakiya haske. Wata shida ke nan yara suna zama a kanta, an wanke ta sau huɗu, kuma ɗinkin bai saki ko a wuri ɗaya ba. Abin goge ƙafa na bakin ƙofa, wanda ta ƙulla ƙyallaye a jikin buhun shinkafa da kwarashi, shi ma ya yi aikinsa a damina, ko da yake yana daɗewa bai bushe ba idan ba a shanya shi a igiya ba.

Matashin kai ne bai yi mini ba. An cusa masa guntayen ƙyalle maimakon auduga, bayan makonni kaɗan suka dunƙule suka yi tauri, har na mayar da shi na jingina a kujera. Haka kuma wata shadda rinanniya ta zuba a wankin farko ta ɓata farin da ke kusa da ita, abin da jiƙa ta daban tun farko zai hana. Alƙawarin mako biyu ma sai da ya kai uku.

Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai abin da aka tambaye ni a kan ƙaramin kafet na kanti ba. Na riga na fara tara wasu zannuwan domin ta yi mini shimfiɗa ta biyu ta ɗakin yara, kuma a wannan karon ni zan jiƙa duk wani rinanne a gida kafin na kai mata.