NZXT H510 ko Phanteks P300A: wanne ya fi sanyi, wanne ya fi shiru?

Malam, ka tambaya wane akwatin kwamfuta ya kamata ka saya tsakanin NZXT H510 da Phanteks Eclipse P300A, tunda farashinsu bai yi nisa da juna ba a lokacin da suka fito, kuma kana son na'urarka ta yi sanyi ba tare da ta cika maka ɗaki da ƙara ba. Babban bambancinsu yana fuskar akwatin ne.

H510, wanda ya fito a 2019, gabansa shafaffen ƙarfe ne, iska kuwa sai ta ratsa wani siririn jerin ramuka da ke gefen dama kafin ta shiga. Yana zuwa da fanka biyu masu faɗin milimita 120, ɗaya a baya ɗaya a sama, dukansu fitar da iska suke yi. P300A ya biyo baya a 2020 da raga a gabansa daga sama har ƙasa, amma fanka ɗaya tak aka sa masa a baya.

Mutane da yawa suna ɗauka rufaffen gaba ya fi shiru, kuma haka ne muddin rubutu kake yi ko kallon bidiyo, domin ƙarfen yana tare wani ɓangare na sautin. Da zarar ka ɗora wa na'urar aiki mai nauyi, kamar wasa ko tace bidiyo, sai lamarin ya juya: katin hoto da furosesa ba sa samun isasshiyar iska mai sanyi, fankokinsu su ƙara gudu don su rama, ƙarar da ka guje mata ta fito ta baya da ta sama. A akwatin raga iskar tana shiga kai tsaye, saboda haka fankoki suna juyawa a hankali su yi aikin da ake bukata. Kamfanin NZXT da kansa ya fitar da H510 Flow mai hudajjen gaba a 2021.

Ka kuma tuna cewa fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka kawai take turawa, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a ɗakin kusan shi ne zai ƙaru a kan furosesa. A bazarar Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda P300A ke da rauni shi ne ƙura. Ba shi da matacin ƙura na daban a gaba, ragar ce ke tare abin da ta iya tarewa, kuma ƙurar hunturu ta fi raminta ƙanƙanta. Sai dai H510 ma bai tsira ba, domin da yake fankokinsa fitarwa kawai suke yi, yana zuƙo iska ta kowace kafa, har wadda ba ta da mataci.

Ni P300A zan saya, amma da sharaɗin a ware kuɗin fanka biyu masu milimita 140 a sa a gaba, domin babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da gudu sosai ba. Ka nemi masu fil huɗu a bakin wayarsu don ka iya saita gudunsu daga BIOS (shafin saiti da ake shiga lokacin kunna kwamfuta), ka ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa, sannan ka riƙa cire ragar kana kakkaɓewa akai-akai idan hunturu ya shigo.